Na Ƙone Tsagar Fuskata Don Neman Aikin Koyarwa a Ƙasar Waje

Edita, ina gaishe ka da masu karatu. A lokacin da abin nan ya same ni, ni malamin lissafi ne a wata makarantar kuɗi a Minna, shekaruna sun haura arba'in da biyar, ina zaune a gidan haya a Kpakungu da matata da 'ya'yanmu huɗu. Sunana kam ba zan faɗa ba, waɗanda suka san ni za su gane mai magana tun kafin su kai ƙarshe. Ɗan manoma ne ni, a Garatu aka haife ni, da kuɗin doya aka yi mini karatu. Na kusa shekara ashirin ina riƙe da alli, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Yaron da ya shigo ajina yana tsoron lissafi, kafin shekara ta ƙare sai ka gan shi yana ɗaga hannu. Sai dai ina da zafin rai da girman kai, ba na son a gaya mini gaskiya in ba ni na tambaya ba. Albashi kuwa kafin tsakiyar wata ya bi iska, mai makarantar kuma yana yi mana magana kamar yaran gidansa.

Wata rana wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni. Yaro ne fari, dogo, mai fara'a, wanda na sha fama da shi a aji, don sai da na yi kamar zan tsaga masa kai kafin lissafi ya shiga. Ya ce mini yanzu koyarwa yake yi a wata ƙasa can nahiyar Asiya, hutu ya zo. An ba shi gida, albashinsa na wata guda ya fi abin da nake gani a shekara, kuma lissafi yake koyarwa. Na yi masa murna a baki, amma wallahi zuciyata tafasa take yi. Na ce a raina in wannan ya samu, ni me zai hana ni? Kafin ya tafi na karɓi lambar ejan ɗin da ya yi masa hanya, wani matashi mai ofis ɗaki ɗaya a saman bene a cikin gari.

Ranar da na je, na ɗebi takardun shaidata duka a jaka, na zube masa a tebur. Ko buɗewa bai yi ba. Fuskata ya tsaya yana kallo, yana kirana Baba Malam, ni da ban haife shi ba. Ya ce makarantun can ba takardu suke fara dubawa ba, hoto ne da gajeren bidiyo na malami yana koyarwa. Iyayen yara ke biyan kuɗi, su kuwa hoton malamai suke gani kafin su sa 'ya'yansu, don haka mai makaranta yana son saurayi ko budurwa mai kyan gani, in da haske a fata ma ya fi. Na ji haushin maganar, na ce masa ni lissafi zan koyar ba tallan sabulu ba. Ya yi dariya ya ce to mu gwada. Muka aika bidiyo, aka yi shiru. Da na matsa masa, sai ya ce furfura ce da gemu. Na aske gemun da na ajiye tun aurena, na sayo baƙin rini na shafe kaina. Lokacin zafi ne, wanda ya san Minna ya san abin da nake nufi. Ina tsaye gaban allo ana ɗaukar sabon bidiyo, gumi ya kwaso rinin ya gangaro ta bayan kunnena har wuyan farar rigata. Ƙaramar 'yata ta ce Baba kanka yana zuba, sai muka sake ɗauka da safe.

Bayan wasu makonni ejan ya kira ni ya ce wata makaranta ta yaba da koyarwata, suna son ganawa da ni ta bidiyo nan da wata guda da 'yan kwanaki. Amma sun yi tambaya ɗaya: me ya sami fuskar mutumin nan, faɗa ya yi aka yanke shi, ko ɗan wata ƙungiyar 'yan daba ne? Ina da tsaga uku dogaye a kuncin hagu. Da su na tashi, da su na yi aure, ban taɓa jin sun dame ni ba, ko yaran aji da suke tsokanar kowa ba su taɓa sa mini suna a kansu ba. Ejan ya dube ni ya ce, "Baba Malam, kanka suke so, fuskar ce ba sa so." Sai ya kwatanta mini wani mutum a Sabon Gari mai haɗa wa mata man shafawa, wai yana goge tabo da tsaga, fata ta dawo sumul.

Na san dalilin tsagar nan, ba zan ce ban sani ba. Kafin a haife ni mahaifiyata ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna goye, irin abin da ake kira wabi. Da na zo, sai ta sa wanzami ya yi mini wannan tsaga, wadda ba irin ta gidanmu ba ce, a bisa imaninsu cewa yaron da aka yi wa alama yakan zauna. Na kuwa zauna, ƙannena mata biyu suka biyo baya ba tare da an taɓa fuskarsu ba. Ni da na yi boko da karatun addini, na ɗauki wannan tatsuniyar tsofaffi. Da na gaya wa matata niyyata, ta roƙe ni in je Garatu in shawarci Mama tukuna. Ta kuma tuna mini da tabon kafaɗata, inda fartanya ta taɓa sarana ina yaro, yadda ya warke ya yi tudu kamar an ɗora tsoka. Ta ce jikina ba ya son rauni. Na daka mata tsawa, na ce ita ba ta gaji da cin tuwo da miyar da babu nama ba ne? Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari na nemi hutu a makaranta don in je a goge tsagar, mai makarantar ya hana, muka yi cacar baki a gaban malamai, na ce masa ya riƙe aikinsa ni ƙasar zan bari. Haka na fito da ƙafata, ina huci, ina jin kaina.

Shagon mutumin yana cikin wani lungu, gaba robobin mai ne jere, baya kuma benci ɗaya da labule. Ya ɗauko wata kwalba mai ruwan ƙasa wadda ba rubutu a jikinta, ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma, ya bi tsagar ɗaya bayan ɗaya. Edita, ka san yadda mai ke fallatsowa daga kasko ya taɓa hannu? To haka, amma wannan ba ya hucewa. Hawaye na zuba, shi kuma yana cewa zafin shi ne alamar magani na aiki, tsohuwar fata za ta saɓule sabuwa ta fito. Bayan kwanaki wurin ya yi ɓawo ya faɗi, na duba madubi na ga inuwar tsagar tana nan a ƙarƙashi. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne ba wanda ya kira ni, ni na koma da kaina na ce ya ƙara, kuma ya sa mai ƙarfi, don lokaci na ƙure mini. Shi ma sai da ya nuna shakka, amma na nace, ya zuba a kan ɗanyen nama.

Ba a jima ba kuncina ya kumbura har idon hagu ya rufe, mugunya ta fara fita, zazzaɓi ya kwantar da ni. Matata ce ta ɗauko mai keke Napep aka kai ni asibiti. Likitar ta tambayi me aka zuba mini, na ce ruwan zafi ne ya fallatsa. Ta dube ni, ta dubi layuka ukun da suka ƙone a jere, ba ta ƙaryata ni ba, ta ci gaba da wanke ciwon. Da zan fita ta gaya mini jikina irin wanda tabo ke tsirowa ne, wannan zai yi tudu, in kuma aka yanke yana iya dawowa ya fi da girma. Haka kuwa aka yi. Tsaga uku sirara suka haɗe suka zama ƙulli guda mai sheƙi, daga ƙasan ido har kusa da baki, yana ƙaiƙayi, yana ja mini leɓe in na yi dariya.

Ranar ganawar ciwon bai gama warkewa ba. Na sa kwat da na aro, na sake rina kai, na jingina waya, na zauna a karkace yadda kuncin dama kaɗai zai fito. Shugabar makarantar ce, wata mace mai ladabi. Muka gaisa, na fara bayanin yadda nake koyarwa, Turancina na fita tiryan-tiryan. Sai ta ce don Allah in juyo in fuskance ta sosai. Na juyo. Na ga yadda murmushinta ya tsaya, ta ɗan ja baya daga wayar. Ta yi mini tambaya ɗaya ta jeka-na-yi-ka, ta yi godiya, ta ce za su neme ni. Ko alwala ta fi ganawar nan tsawo. Da na koma wurin ejan, sai ya kama baki ya ce ai da na bar tsagar ma, ana iya ce musu al'ada ce, amma wannan kowa zai ɗauka cuta ce. Ya ƙara da cewa dama can shekaruna sun yi musu yawa, shi dai ya ce a gwada ne kawai. Na miƙe na cakumi wuyan rigarsa, sai da masu shagon ƙasa suka hau suka raba mu. Amma ina saukowa daga benen na san ba shi ya riƙe ni aka zuba mini abin nan ba.

Na yi watanni ban taka Garatu ba, ina aika ƙarya cewa aiki ya yi yawa, alhali ba aikin. Lokacin haƙar doya ƙanwata ta aiko cewa Mama tana nemana, dole na je. Mama ta tsufa, yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani, don haka in ɗanta ya durƙusa gaishe ta sai ta kai hannu ta shafa kansa da fuskarsa. Na same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa, na kawo mata kuncin dama, ita kuwa hannunta ya wuce hagu. Yatsunta suka hau kan ƙullin nan, suka tsaya, suka koma suna lalube sama da ƙasa. Ta tambaya ko haɗari na yi. Na kasa yi mata ƙarya, na gaya mata komai. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da yarenmu ta ce, "Wa ya ba ka izini? Ba taka ba ce, tawa ce. Huɗu na binne kafin kai, da ita na roƙe ka ka zauna." Na ce Mama rai a hannun Allah yake, tsaga ba ta tsare kowa. Ta ce ta sani, ita ma tana salla. Sai ta janye hannunta ta sa a cinya, har na tashi ba ta ƙara ɓare gyaɗa ko ɗaya ba.

Yau ba ni da aji. Na zagaya makarantun kuɗi na garin nan, su ma ashe fuska suke kallo, sai a ce in bar lamba. Darasin yamma nake yi wa 'ya'yan maƙwabta a barandar gidanmu, matata na sayar da ƙosai tana rufa mana asiri, ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, shirun nata ya fi mini zagi ciwo. Abin da na koya shi ne wanda ya ƙi ka don shekarunka ko kamanninka, ko me ka yi wa jikinka ba zai so ka ba, sai dai ya samo wani dalilin. Ba na hana kowa neman aiki a waje, talauci ba daɗi, ni shaida ne. Amma 'yan'uwana malamai, maza da mata, musamman masu shafe-shafe don hoto ya yi haske, ku tambaya tun farko ko suna ɗaukar mai shekarunku da kamarku. In sun ce a'a, ku kwashe takardunku ku yi gaba da fuskarku lafiya. Kada ku saki aikin hannu don alkawarin ejan, kada ku bar wani mai kwalba ya taɓa muku fata, kuma kafin ku goge wani abu a jikinku, ku je ku tambayi wanda ya sa shi.

Ni tabon na fara sabawa da shi. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne halin da na jefa tsohuwa. Ta rame, abinci sai an lallashe ta. Kullum da safe sai ta sa ƙanwata ta kira ni ta kara mata waya a kunne. Ba ta gaisuwa, ba ta tambayar yara, abu ɗaya take cewa: "Kana nan?" In na ce ina nan Mama, sai ta miƙa wayar. Ranar da layi ya ƙi shiga, ƙanwata ta ce mini tsohuwar ta ɗauki sandarta ta kama hanyar titi ita kaɗai, ba ta gani, wai za ta zo Minna ta duba ko na mutu.