Bangon Ɗakin Ƙaramar

Baba Kunne ake ce masa, don ba ya fara aiki sai ya saurari bango. Zai kafa bakin doguwar sukudireba a jikin siminti, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya rufe ido, kowa a gidan ya yi tsit. Daga nan sai ya zana da'ira da alli ya ce nan ruwan yake tsiyaya. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran famfo, da wuya ka ji an ce ya fasa inda ba nan ba ne.

Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya takawa: ba ya ɗaga guduma a gidan haya sai ya ji amincewar mai gida da kunnensa. Tun yana saurayi ya taɓa fasa ƙasan wani kicin bisa maganar ɗan haya, mai gida ya zo ya ce shi bai san zancen ba, aka yi ta jan sa wata uku. Tun daga ranar, ko ɗan haya zai rantse masa sau goma, sai ya ce a kira mai gida.

Wata Talata da hantsi wata malamar makaranta ta kira shi gidan da take haya, a hawa na biyu. Bangon da ya raba banɗaki da wani ƙaramin ɗaki ya jiƙe, fenti ya fara kumbura daga ƙasa. Ta buɗe masa ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa. Gado ne a gyare, da jakar makaranta a rataye, da takalma ƙanana a jere. Ya saurari bangon, ya zaro allinsa, sai hannunsa ya tsaya. Daidai wurin da zai zana akwai layuka na fensir, ɗaya bisa ɗaya, kowanne da kwanan wata a gefensa. Na ƙarshen bai wuce ƙirjinsa ba.

Ta ce tsayin ƙaramar 'yarta ne, duk shekara suke aunawa. Bara ta rasu. Ya yi mata ta'aziyya, ya mayar da allin aljihu.

Ya kira mai gida a waya ya yi masa bayani: bututun ya tsage a cikin bango, ana iya cim masa ta ɗakin, ana iya cim masa ta banɗaki. Mai gida ya ce a fasa ta ɗakin mana, ai yaɓe ne kawai, tayil ɗin banɗakin kuwa an daina kawo irinsa kasuwa. Malama ta karɓi wayar ta ce ita za ta biya kuɗin aikin duka, a dai bi ta banɗaki. Mai gida ya ce ba maganar kuɗi ba ce, gidansa ne, kuma ba zai zauna da banɗaki mai faci ba don ɗan haya yana son zanen bango. Ta miƙa wa Baba Kunne wayar.

Bayan ya kashe, ta ce masa a hankali: “Baba, ka yi ta banɗakin. In ya zo, ni zan ce na sa ka.”

Ya girgiza kai. Ya ce mata ba zai taɓa tayil ɗin ba sai da izini, amma ɗakin ma ba zai taɓa ba. Ya rufe ruwan da ke shiga banɗakin, ya tattara kayansa, ya nufi shagon mai gida da ƙafa.

Sun daɗe da sanin juna, Baba Kunne ne ya saka wa mutumin famfo a gidajensa uku. Mai gida na ganinsa ya ce, “Kunne, kai ma ka koma lauyan 'yan haya ne? Ko tsufa ya sa guduma ta yi maka nauyi?”

“Ranka ya daɗe, guduma lafiyarta ƙalau. Zo ka nuna min inda zan fasa da hannunka, sai in fasa.”

Mai gida ya yi ta mita, ya ce ana ɓata masa lokaci a kan aikin da bai kai ya kawo ba, amma ya biyo shi. Ya hau benen yana haki, ya shiga ɗakin, Baba Kunne ya miƙa masa allin. Ya sunkuya yana karanta kwanan watan daga ƙasa zuwa sama. Ya jima a kan na ƙarshen. Sannan ya miƙe, ya shiga banɗaki ya ƙirga tayil ɗin da yatsa. Ya ce a bi ta nan, amma a ciro su da ransu, duk wanda ya fashe Kunne ya san inda zai nemo irinsa. Malama ta fara godiya, ya ɗaga mata hannu ya sauka.

Aikin rabin yini ya ci wa Baba Kunne kwana biyu. Tayil tara ya ciro da siririyar wuƙa, yana bin gefensu kaɗan-kaɗan, biyu suka tsage duk da haka. Da ya isa siminti bai yarda ya buga da ƙarfi ba, don kada yaɓen ɗaya gefen ya zube. Ya riƙa ƙwanƙwasa kurfi, ƙarfen sassaƙar siminti, da tafin hannu, yana tashi lokaci-lokaci ya leƙa ɗakin ya duba. Ya yanke tsagaggen bututun, ya sa sabo, ya saki ruwa, ya jira har ya tabbata babu ɗigo.

Layuka biyu na ƙasa danshi ya riga ya cinye su tun kafin a kira shi, wannan ba abin da zai iya yi. Sauran biyar suna nan daram. Ya ce wa Malama kada ta goge wurin, kada ta jingina komai, ta bar taga a buɗe sati shida bangon ya bushe da kansa. Ta ce to. Tana kiciniyar buɗe tagar da ta maƙale, ya naɗe fasassun tayil ɗin a tsumma ya sa a jaka, don akwai wani mai sayar da tsofaffin kayan gini da zai je ya tambaya.