Batir mai bolt sha shida a hanyar Awe

Shekarun baya, lokacin da wayar salula ba ta daɗe da shigowa Lafiya ba, ina ƙaramin ma'aikaci a sakatariya, ban yi aure ba, kuma ba abin da ke kaina sai kiɗan mota. Muna da wata ƙungiya ta samari, kowa da tsohuwar motarsa tokumbo, kowa ya cika but, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, da lasifika. Duk ƙarshen shekara mukan taru a wani filin ƙwallo da yamma, a jera motoci, kowa ya saki nasa. Wanda kiɗansa ya fi girgiza ƙirji ba tare da sautin ya fashe ba, shi ya ci. Kyautar wani ɗan kofi ne na roba, amma yadda muke nemansa sai ka ce kujerar gwamna.

Shekara biyu ina zuwa na uku. Matsalata ɗaya ce: da ganga ta buga da ƙarfi sai fitilun mota su dushe, sauti ya shaƙe. Abokina da muke ofis ɗaya ya ce wuta ce ba ta isar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, kuma ya ji masu gasa a ƙasashen waje ba sa amfani da batir mai bolt sha biyu irin namu, sai mai sha shida. Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba, sai da wani mai kawo kaya daga Legas ya samo mini guda. Na rungume shi zuwa mota kamar jariri.

Na kai wa mai gyara mini wayar mota, wani dattijo ɗan Eggon da muke kira Baba Riwaya. Ya juya batirin, ya karanta jikinsa, ya leƙa amfilifayata. Sannan ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce abin da ke yi wa motata caji ba ya kai sha shida, kuma duk kayan wutar cikinta na sha biyu ne. In ina son ƙarfi, in sa batir biyu irin na kowa da waya mai kauri. In kuwa na nace, zai ajiye sabon a but shi kaɗai, ya ba kiɗa wuta kawai, in riƙa yi masa caji a gida. Na ce ni so nake a haɗa shi da na gaba, mota ta riƙa cika su tare.

Ya miƙo mini batirin ya ce, "Oga, motarka ne, amma ba da hannuna ba."

Na tafi ina cewa a raina tsufa ne ya sa shi tsoro. Ranar Asabar ɗin gasar da safe na sami wani mai gyaran da ba ya musu da mai mota, ya ja waya daga but zuwa gaba ya haɗa su. Muka gwada. Gaskiya ban taɓa jin motata ta yi ƙara irin ta ranar ba, har masu shagunan kusa suka fito kallo.

Wajen ƙarfe goma na dawo gida na tarar da mahaifiyata zaune a bakin ƙofa, ta yafa mayafi, jaka a cinya. An aiko daga Awe cewa jikin yayarta ya yi tsanani. Wannan innar tawa ita ta yaye ni, a gidanta na yi shekara uku, ina bin ta wurin dafa gishiri. Na duba agogo na lissafa: in na taka mota zan kai ta, in gaida mara lafiya, in dawo kafin ƙarfe huɗu. Ba zan ɓoye ba, lissafin da na fara yi ke nan kafin in tambayi yadda jikin yake.

Mun wuce Obi da kaɗan mahaifiyata ta ce tana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na ce daga waje ne. Ba a jima ba fitilun gaban sitiyari suka haska gaba ɗaya suka mutu, inji ya ɗauke. Da na buɗe bonet, batirin gaba ya kumbura yana tafasa, wayar da aka ja ta narke ta manne da ƙarfe. Na fizge kan batirin da tsumma, hannuna ya ƙone. Na ciro wayar salula, babu sabis.

Muka zauna ƙarƙashin wani mangwaro fiye da awa biyu. Motocin haya duk a cike suke wucewa. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba, carbinta kawai take ja. Sau ɗaya ta dubi motar ta ce, "Yadda take cika mana unguwa da ƙara, na ɗauka ta fi kowace mota lafiya."

Daga ƙarshe wata a-kori-kura ɗauke da doya ta tsaya. Gaba akwai mai jego da jariri, don haka sai baya. Ga mahaifiyata da ciwon gwiwa. Ni da direban muka tallafa mata ta hau kan doyar, wata mata ta shimfiɗa mata zani. Mahaifiyata ta ce in zo mu tafi, a bar motar. Na dubi but ɗin da ke cike da kayan kiɗa, na ce ba zan iya barinta a daji ba, gobe da sassafe zan biyo ta.

"To, Allah ya kai mu," in ji ta.

Sai bayan la'asar na sami mai jan mota, ya mayar da ni da ita Lafiya. Baba Riwaya ya duba ɓarnar, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya tambayi inda Mama take, na gaya masa, ya girgiza kai ya ci gaba da aikinsa. Gasar kuwa wani malamin makaranta ne ya ci, da batir biyu irin na kowa.

Washegari na shiga motar haya ta farko. Na isa Awe na tarar ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Innar tawa ta rasu bayan asuba. Mahaifiyata ta same ta da sauran magana, har sun yi sallama, kuma marigayiyar ta tambayi inda nake sau biyu. Aka ce mata ina hanya.

Ban daina son kiɗa ba, har yau akwai lasifika a motata, sai dai duk abin da zan ƙara mata nakan tambayi wanda ya sani, kuma in tsaya in ji amsar har ƙarshe. Batirin bai yi laifi ba, an yi shi ne don motar da aka shirya masa, tawa kuwa ba a shirya ta ba. Wannan kuskuren na daɗe da yafe wa kaina, har nakan ba da labarinsa ana dariya. Wanda ban cika faɗa ba shi ne na biyun. Akwai wuri a kan doyar nan, an ma matsa gefe don in zauna, ni ne ban hau ba.