Dutse na Uku a Murhun Iya

Tun ina yaro, idan magana ta shiga kaina ba ta barina in yi barci. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta san haka, kuma da gangan take tsokanata. 'Yar Kambari ce daga wani ƙauye bayan Salka. Aure ne ya kawo ta Kontagora, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta gama miƙewa ba. Idan an ci tuwon dare, mu jikoki sai mu kewaye murhunta a ƙofar ɗaki, tana tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi. Duwatsun murhun biyu jajaye ne irin na ko'ina. Na ukun baƙi ne mai faɗi, bai yi kama da 'yan'uwansa ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke yi. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, akwai tabarma."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta katanga. Ta ce a zamanin mahara mutanensu sun hau wani tudu, suka kewaye kansu da katanga, dutse kan dutse, babu laka. Dokar garin ɗaya ce: duk wanda ya ga dutse ya faɗo, ya sauke kayansa ya mayar da shi, ko da sauri yake yi. Da zaman lafiya ya samu, wata mata ta rasa dutse na uku a murhunta. Ta je ta zare ɗaya tana cewa, "Ai ɗaya ne kawai." Maƙwabcinta ya gani, ya ɗauki na washin wuƙa. Wani ya ɗauki na zama a ƙofar gida. Kowa ɗaya kawai. Ran nan kura ta biyo ta kafar, ta wuce garken kowa, ta ɗauke akuyar matar nan. Da safe aka taru ana salati, wai katanga ta faɗi.

"Ƙarya suke," in ji Iya, tana nuna mu da itacen wuta. "Katanga ba ta faɗuwa. Kwashe ta ake yi."

Sauran yara kukan kura suke kwaikwayo suna dariya. Ni kuwa na ce, "Iya, an mayar da dutsen?"

"Kai dai maigidana, tsoronka ya fi cikinka girma." Sai ta ƙwanƙwasa baƙin dutsen nan. "Wannan fa, ka san inda ya fito?"

"Daga ina?"

"In ka girma ka je ka tambayi katanga." Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta. Ni na kwanta ina kasa kunne ga akuyarmu.

Ta rasu ba ta ba ni amsa ba. Da matan gida suka koma murhun gawayi aka watsar da jajayen, ni kuma na ɗauke baƙin na ajiye bayan ƙofata. Matata takan yi tuntuɓe da shi ta ce, "Malam, dutsen nan sai ya ƙarar mani da yatsu za ka huta?"

Sana'ata awon hatsi, kasuwar Salka kuwa na sha zuwa. Kullum sai in ce neman katangar sai wani zuwan. Tsoro biyu nake ji: kada in je in tarar babu wata katanga, kada kuma in tarar da ita, ya zama kayan mutane ne a ɗakina. Har limamin unguwarmu na tambaya ko abin ya zama camfi. Ya ce, "Bauta masa kake yi?" Na ce, "A'uzubillahi." Ya ce, "To mayar da abu inda aka ɗauko shi ba laifi ba ne."

Bara da kaka na sa dutsen a buhu. Direba ya ɗaga ya ce, "Baba, wace irin dawa ce wannan?" Daga Salka na hau mashin, muna tafe muna tambaya, har aka nuna mana tudun.

Katangar tana nan. Wani wuri ta kai ƙugu, wani wuri ko gwiwa ba ta kai ba, duwatsunta baƙaƙe masu faɗi. A ciki akwai ramuka a kan falalen dutse, inda mata suka yi niƙa har dutse ya lotsa. Na sa tafin hannuna a ɗaya, sumul. Wataƙila a nan kakar Iya ta durƙusa. A gindin tudun kuwa tifa ce tsaye, maza suna loda duwatsun don harsashin gini.

Na ce, "Bayin Allah, katangar kakanni ce fa."

Ɗaya ya share gumi ya ce, "Baba, kaɗan muke ɗiba. Dubi yawanta."

Na koma jikin katangar. Na nemi wata kafa na kwance buhu. Dutsen bai zauna ba sai da na yi ta juya shi. Suka fashe da dariya: "Mu muna saukewa, Baba yana ɗorawa!" Wani tsoho da ya fito daga gona ya tsaya yana kallona. Ya jingine fartanyarsa, ya ɗauki wani da ya faɗo, ya ɗora kusa da nawa. Ya ce, "Haka ake yi da." Na je wurin mai unguwa na yi magana, ya ce za a duba.

Na zaci zan samu barci. Ina! Yanzu duk tifar da ta wuce ni a Kontagora sai na bi bayanta da ido, ko zan hango dutse mai baƙin hayaƙi. Da ina yaro kura nake tsoro. Yau abin da ke hana ni sakewa daban ne. Jikata Ummi ta fara zama gabana da yamma, na ba ta labarin katanga, ta ce, "Kaka, da gaske ne?" Iya tana da inda za ta tura ni in gani da idona. Ni ban san ko zan samu inda zan tura Ummi ba idan na jira ta girma.

Na riga na roƙi uwarta. Ranar kasuwar Salka mai zuwa da Ummi zan tafi, tun da sauran abin da za ta ɗora dutse a kai.