Marayun Gwangwani Biyar

Jiya Mukarrama ta kira ni daga Makarfi, tana magana tana dariya har ban gane farkon zancen ba. Ta ci! An liƙa sakamako, aikinta na masara ya wuce. Ina tsakiyar gona na yar da fartanya na yi ta hamdala kamar ni aka ba takardar. Shi ya sa na ce bari in ba da labarin ƙanwar nan tawa, har da ɓarnar da na yi mata.

Ni ne Tukur, babba a ɗakinmu, a Saulawa muke. Shekara tara na ba ta. Ni daga firamare gona na koma, ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya ba ta barin abu ya wuce ba tambaya. Inna na dama koko sai ta tsaya mata a ka: me ya sa gasara take ruwa-ruwa, amma da an zuba tafasasshen ruwa sai ta yi kauri? Inna ta ce, "Ke ba ni wuri, haka Allah ya yi ta." Sai da ta shiga babbar makaranta a Makarfi ta dawo mana da amsar. Wai sitaci ne a cikin gero, zafi ke kumbura shi. Wai ni da ita da masara da akuyar Inna duk kayan gininmu ɗaya ne, ruwa da kabon da su naitirojin, jerin ne kawai ya bambanta. Inna ta ce ita dai kar a haɗa ta da akuya.

To bana aka ba su aikin gwaji, wanda duk bai kai nasa ba zai maimaita shekara. Mukarrama ta riga ta rasa shekara guda lokacin da ta yi doguwar jinya, ba ta da wata ta zubarwa. Ta zo gida da manyan gwangwanayen tumatir goma sha biyar, ta cika su da wankakken yashi, ta shuka masara. Biyar ta sa musu takin zamani, biyar kashin kaji, biyar kuwa ba ta sa musu komai ba, sai ɗigon jan fenti a jiki. Da za ta koma makaranta ta ce, "Yaya, ruwa kofi ɗaya kowanne da safe. Kar ka ƙara komai, kar ka rage."

Na ce, "Ke za ki koya mini masara?"

Sati biyu da tsirowa, goman nan suka yi kore shar. Masu jan fenti kuwa suka tsaya sirara, ganye ya fara rawaya. Kullum na zo ba su ruwa sai in ji kamar kallona suke. Na sa musu suna marayu. A raina na ce yarinyar nan taki ne ya ƙare mata, kunya ta hana ta faɗa. Wata safiya na ɗebo kashin kaji a akurki na tura wa kowanne a gindi, na rufe da yashi. Wallahi da farin ciki na tafi gona, ina cewa za ta dawo ta ga aikin yayanta.

Bayan kwana goma ta dawo da rula da littafi. Ta tsuguna tana awo, sai ta tsaya. Ta sa yatsa a gwangwani mai jan fenti, ta shinshina.

"Yaya, wa ya taɓa waɗannan?"

"Ni ne mana. Ba ki ga yadda marayun suka farfaɗo ba?"

Ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Zama ta yi a ƙasa, hawaye na sauka kan littafin. Ta ce, "Ba marayu ba ne, Yaya, shaidu ne. Da su ake gwadawa. In kowa ya ci taki, da me zan nuna takin ne ya yi aikin, ba ruwa ko rana ba?"

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce bari in tone kashin, ta ce ya riga ya shiga jikinsu. Na ce akwai gonar Tanko maƙwabcinmu da ba ta ga taki ba, in ciro mata biyar masu rawaya, wa zai sani? Ta ɗago ta kalle ni. "Ni zan sani. In na rubuta abin da ban auna ba, ƙarya na kai, ba gwaji ba."

Washegari ta koma ta faɗa wa malaminsu, Malam Abdulwahabu, gaskiyar abin da ya faru. Ya ce ranar karɓa ba ta matsawa, saura kwana ashirin da shida, in za ta iya ta sake. Ta dawo ta zubar da duka goma sha biyar ɗin, har korayen nan masu kyau, wai dole rana ɗaya za su fara. Ina tsaye ina kallo ta sake shuka, ko yashin ba ta bar ni na wanke ba.

Kwanakin nan ban taɓa jin ba ni da amfani kamar su ba. Na iya huɗa, na iya banƙasa, amma ban iya sa masara ta yi sauri ba. Kwana huɗu ba abin da ya fito. Ina zuwa in tsuguna in leƙa yashi, in tashi. Ta kira daga makaranta ta ce, "Sun fito?" in ce, "Tukuna." Ran na biyar suka ɓullo. Daga nan kuma sai jiran shaidun su yi rawaya kafin lokaci ya cika. Ka ji fa, manomi yana addu'ar shuka ta rame.

Da suka fara ramewar, hannuna har ƙaiƙayi yake. Wata safiya na kama Inna ta nufo su da ruwan wankin shinkafa. Na tare ta.

"Inna, kar ki zuba!"

"Kai Tukur, ba ka da tausayi? Dubi bayin Allah."

"Shaidu ne, Inna."

"Shaidun wa? Aure ake ɗaurawa?"

Na karɓe kwanon na ba akuya.

Saura kwana biyu Mukarrama ta zo ta yi awon ƙarshe. Ta jera su a jikin katanga ta ɗauki hoto da waya, goma dogaye kore, biyar gajeru rawaya. Ta nuna mini ganyen ta ce, "Ka ga yunwar naitirojin ke nan. In babu shi, koren ganye ba ya ginuwa." Shekara nawa ina ganin rawayar nan a gona, ban san tana da suna ba. A cikin takardarta ma ta rubuta yadda gwajin farko ya lalace da dalili, amma ba ta sa sunana ba, Allah ya yi mata albarka.

Jiya da ta gama dariyarta a waya na ce, "To Malama, yanzu an sallami shaidu? In ba su abinci?"

Ta ce, "Yaya! Har yanzu ba ka ba su ba?"

Ai ba ta ce in ba su ba. Uku sun riga sun bushe. Biyun da suka rage na dasa su bayan rumbu yau da safe, na zuba musu kashin kaji har Inna na cewa zan ƙone su.