Uwar Mai Hawan Dutse

A shagon wani tela a unguwar Al Satwa, ga wata Hajiya zaune, haƙorin Makka a baki, amma babu dariyar nuna shi. Tela na awo, ita idonta na kan waya. Daga gunaguninta, 'yarta ce ta ɗauki hutun aiki ta tafi hawan duwatsun ƙasar Albaniya, yau kwana uku shiru. Da ganinta ka san bakinta ba ya hutu, sai yau.

Sai ga kiran bidiyo: budurwa cikin rigar sanyi, tumaki a bayanta.

"Umma, ƙauyen ne babu sabis!"

Hajiya ta yi ajiyar zuciya, ta goge ido.

"Alhamdulillahi. Ja'ira, tumaki kika je gani? Ai da kin faɗa, da na kai ki kasuwar Wudil."