Daga Dubu Biyu Zuwa Bakwai

Wata rana na kai kwamfutata gyara wani shago a Beirut Road, nan Kano.

Ina zaune sai ga wani dattijo, gemu fari tas, yana jan tsohuwar kwamfuta a cikin buhu. Mai shagon, Nafi'u, ya miƙe zumbur ya ba shi kujera. Ashe malaminsa ne, Malam Haladu, wanda ya koya wa rabin unguwarsu riƙe linzamin kwamfuta.

Makarantar kuɗin da yake koyarwa ce ta sayo sababbin kwamfutoci. Mai makarantar ta ce ranar Litinin zai koyar da su a gabanta. In ya kasa, ya ba wani wuri. Shi kuma bai da wata sana'a.

Malam da manhajar Windows 98 ya fara, ya koma 2000, a nan ya kafa tanti. Lokacin da aka ce masa 7 ta fito, dariya ya yi har da ƙyaƙyatawa. Wai wane mai hankali ne zai bar dubu biyu ya koma bakwai? Haka ya riƙa faɗa wa ɗalibai, su kuma suna tafa masa.

8 ta zo ta wuce. 10 ta zo. Malam na nan.

Nafi'u ya zaunar da shi gaban Windows 11, irin wadda ke kan sababbin kwamfutocin makarantar. Hannunsa na kan linzamin, idonsa na ta laluben kusurwar da ya saba dannawa. Babu komai a wurin.

"Nafi'u, kafin Litinin zan iya?"

"Malam... wallahi ko ni sai da na yi watanni."

"To bayan sha ɗayan nan, sun gama ke nan?"

"Ba sa gamawa, Malam."

Malam ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce bari ya je ya yi La'asar. Bai dawo ba.

Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Da na koma karɓar kwamfutata na tambayi Nafi'u labarinsa. Ya ce ai Malam bai ma je ranar Litinin ɗin ba. Aikawa ya yi da makullin ajin.

Darasi: Abin da ka yi wa dariya ka ƙi koya ba zai jira ka ba. Kuma masu tafa maka yau ba za su zauna a kujerarka ranar gwaji ba.

Tura wa wanda ka san ya daina koyo, tun Litinin ɗinsa ba ta zo ba.