Sa'adatu Tana Hagu

Duk wanda ya yi aikin rediyo a Kano a zamanin da ake naɗar murya a tef ya san Malam Aƙilu, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ba mai gabatar da shiri ba ne, ba a taɓa jin sunansa a iska ba. Shi ne wanda ke zaune bayan gilashi, gaban maɓallai, yana ɗaga hannu a tsayar da aiki saboda ya ji wani zuuu da babu wanda ya ji sai shi. In an duba kuwa sai a tarar wata waya ce ta saki a bayan tebur. Shekara talatin da huɗu ya yi a kan kujerar nan, kuma abin taƙamarsa ɗaya ne tak, kunnensa. Aƙilu Kunne abokan aiki ke ce masa. Yakan nuna ba ya so, amma in aka kwana biyu ba a faɗa ba sai ka ga ya sha kunu babu dalili.

Gidansa a Nassarawa yake, cikin tsofaffin gidajen ma'aikata masu rufin kwano da doguwar baranda. Maƙwabtan da suka tare tare sun sayar sun tashi, an rushe an ɗaga benaye, nan makaranta, can otal. Shi ya ƙi motsawa. Bayan la'asar za ka gan shi a barandar nan, kan kujerar katako, yana fuskantar maɗacin da ya girme shi, da wasu 'yan abubuwa maƙale a kunne.

Abin da yake saurara ba waƙa ba ce, ba kuma labarai ba. A shekarar 1987 aka kawo musu sabuwar rakoda mai ɗaukar murya ɓangare biyu, hagu daban, dama daban. Malam Aƙilu ya roƙa aka bar shi ya tafi da ita gida ranar Asabar don ya gwada. Ya ja doguwar waya ya kafa makirfo ɗaya a tagar kicin can baya, inda matarsa Sa'adatu ke girki, ɗayan ya ajiye a gabansa a baranda. Minti goma sha ɗaya ya naɗa. A dama muryarsa ce, yana ta maimaita "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" kamar wanda aka sa dole. A hagu Sa'adatu ce. Ana jin wuƙa tana yanka kuɓewa, ana jin ta tana yi wa jaririyarsu Nabiha waƙar rarrashi, sai dariya, sai kuma ta ɗaga murya.

"Malam, wai wannan abin naka jina yake? To, ya ji da kyau, gishiri ya ƙare tun jiya."

Sau uku ta faɗa a cikin tef ɗin, kuma ko sau ɗaya bai amsa ba, idonsa na kan allurar rakoda. Yau shekara tara da rasuwarta, Allah ya ji ƙanta. Hotunanta suna nan, amma muryarta a duniya minti goma sha ɗayan nan ce kaɗai ta rage.

Nabiha ce ta juye masa tef ɗin a salula. Ta girma, tana aikin haɗa magunguna a Abuja, kuma ita ta kawo masa iyafis mai tsada, abin sauraren da ake sa wa a kunne, irin wanda kowane ɓari an ƙera shi daidai da siffar kunne, na dama ba ya zama a hagu. Da ya juya shi a hannu ya ga wayar ana zare ta daga jikin iyafis ɗin, sai ya taɓe baki.

"Wayar da ake zarewa? A zamaninmu in waya ta fita daga mazauninta, wani ne zai bar aiki. Liƙewa ake yi da dalma, a huta."

"Baba, ai don in ta lalace a sauya ta ita kaɗai," in ji Nabiha.

Ya san gaskiyarta ce. Duk abin sauraren da ya taɓa binnewa a rayuwarsa, a wuyan waya ya mutu, lasifikar ciki kuwa lafiya lau. Cikin mako guda ya sallama, ko da yake bai faɗa da baki ba. Wayar na da laushi, tana zagayawa ta bayan kunne ta kwanta, ba ta faɗa da ƙafar tabarau, ba ta kawo ƙarar gogar shadda in ya motsa. An ɗiga ja a ta dama, shuɗi a ta hagu, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Sa'adatu kuwa ta fito tas, har numfashin da take ja kafin ta yi dariya. Ranar farko sai da ya waiwaya hagu, wajen kicin.

Shekara biyu ana haka. Sannan hagu ta fara dusashewa. Da fari waƙar ce ta yi nisa, daga baya ƙarar wuƙar ta ɓace, har ya zama Sa'adatu na magana kamar daga bayan katangar maƙwabta, shi kuwa "gwaji, gwaji" na nan raɗau a dama. Malam Aƙilu ya kira Nabiha ya yanke hukunci, waya ce. Ta aiko da sabuwa, kitsattsiya, fara sol. Ya sa kwana uku ya ce fil ɗinta bai kama da kyau ba. Ta aiko da ta uku, baƙa mai kauri. Wannan kuma ya ce ta yi tauri, tana cin bayan kunne, kuma ma hagunta rago ne. Kowacce ya naɗe ta irin naɗin 'yan rediyo, zagaye ɗaya sama ɗaya ƙasa don kada ta murɗe, ya jera a aljihun tebur. Duk baƙon da ya zo sai ya sha lacca a kan lalacewar kayan zamani.

To, ga inda abin yake. Akwai ƙa'idar da Malam Aƙilu ya koya wa duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa, tun ranar farko. In ɓangare ɗaya ya yi rauni, kafin ka zargi kowa, ka juya wayoyin, ta hagu ta koma dama. In raunin ya bi wayar, laifinta ne. In ya tsaya inda yake, ka bar waya ta huta. Aikin minti ɗaya ne, kuma da wannan iyafis ɗin ko dalma ba a bukata. Wata bakwai ya yi bai gwada ba. Ba mantuwa ba ce. Tsoro yake ji, tsoro sosai, irin wanda dattijo ba ya faɗa wa 'yarsa.

Da abin ya ishe shi sai ya aika aka kira Malachi. Mutumin Wusasa ne, ya yi shekara ashirin a ƙarƙashinsa, yanzu shi ma furfura ta cika kansa, yana da shagon gyaran lasifiku a Tudun Wada, na masallatai da na coci duk nasa ne. Ya zo da mitarsa ta awon waya a jaka.

"Bazazzagi, zo ka ga abin da ake sayar wa mutane," in ji Malam Aƙilu, ya zube masa wayoyin.

"Oga, ai ku Kanawa ko ruwa aka sayar muku sai kun ce an yi algus," in ji Malachi.

Ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwasa kowacce a wuya yana kallon mita. Mitar ta nuna duk lafiyarsu lau. Ya goge iyafis ɗin ya sa a nasa kunnuwan, ya danna salula tef ɗin ya fara. Can sai ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa, don shi ma ya sha kunun gyaɗar Sa'adatu ba sau ɗaya ba.

"Allah sarki, Hajiya. Oga, gishirin nan dai ka sayo kuwa?"

Malam Aƙilu bai yi dariya ba. Ya gane abin da aka gaya masa, Malachi ya ji ta sarai.

"Oga," in ji Malachi a hankali, "ka juya?"

"Ni za ka koya wa?"

"Ni wa? Kai ka koya mini. Har ranƙwashi na sha a kai."

Janaretan otal na ta ƙara daga bayan katanga. Malachi ya ce akwai yadda ake haɗe ɓangarorin biyu a salula su zama ɗaya. Malam Aƙilu ya girgiza kai, ya ce in aka yi haka surutunsa zai danne dariyarta. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi iyafis ɗin. Da kansa ya zare wayoyin, ya sa mai shuɗin ɗigo a ɓarin dama, mai ja a ɓarin hagu. Da wani ne ya yi haka a gabansa a wurin aiki, da ranar sai an ba shi haƙuri.

Ya danna. Raunin bai bi waya ba, yana nan a kunnen hagu inda yake. "Gwaji, gwaji" ta koma can ƙasa, da ƙyar ake jinta. Aƙilu Kunne ya san yanzu kunne ɗaya ya rage masa, kuma abin ya yi masa ciwo har cikin ƙirji. Amma a dama, ga wuƙa tana sauka a kan kuɓewa, ga waƙar, ga ɗan numfashin nan kafin dariya, duk sun dawo kusa kamar tana tsaye a kafaɗarsa.

Malachi ya ga hawaye na bin gemun ogansa, ya kawo hannu zai mayar da wayoyin yadda suke. Malam Aƙilu ya riƙe hannun.

"Bar ta nan. Ni na ji kaina ya ishe ni. In ka tashi tafiya ka kira mini Nabiha, ka ce ta daina aiko da waya, ta nemo mini likitan kunne."

Tef ɗin ya zo wurin. Sa'adatu ta ɗaga murya ta ce gishiri ya ƙare tun jiya. Malam Aƙilu ya karkata kai wajen dama, ya gyara zama a kan kujera.

"Na ji, Sa'adatu," ya ce. "Na ji."